Ƙafar Zabo a Kan Kwalin Maganin Sauro

Ku dai ba ku gajiya. Tun da na dawo daga Malambil, duk wanda ya shigo maƙera, ko wasa lauje ya kawo, sai ya gyara zama kan kututture ya ce, "Malam Ummaru, yaya ƙasar Benin?" Wani ma cewa ya yi ya ji labari na shiga kotu na yi Faransanci har alƙali ya tafa mini. Ƙarya ce wallahi, ban ga ko ƙofar kotu ba. To ga labarin nan na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Sai na fara da mahaifina, don in ba shi ba babu abin da zai kai ni can. Mamman Maƙeri ake ce masa, a nan Kende ya rayu, a nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yana da hatimi na ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, a bakinsa ya sassaƙa zane uku da suka haɗu wuri ɗaya da ɗan guntu a baya, kamar sawun zabo a kan jiƙaƙƙen rairayi. In ya gama lauje ko kalme, wato fartanya, ƙarfen yana ja, sai ya ɗora hatimin kusa da wurin ƙota ya ba shi masaba ɗaya. Ba ya bugawa sau biyu. Laujen da bai gamsu da shi ba kuwa ba ya samun wannan alama, ko mai shi zai yi kuka. A lokacin muna yara, in manomi ya ce "ƙafar zabo", daga Sharabi har Dole Kaina har tsallaken iyaka, abu ɗaya yake nufi: laujen da zai yi shekaru yana yankan shinkafa bai yi giɓi ba. Da wannan alama aka ciyar da mu, da ita aka yi mana aure, ita nake bugawa har yau.

Bara, ana saura kaɗan a fara yankan shinkafa, na kai lauzuna kasuwar Bagudo. Ina wucewa ta layin 'yan koli sai idona ya faɗa kan wani tebur. Kwalin maganin sauro, an zana zabo a jiki, a ƙasansa ga sawun nan na babana, zane uku da guntu, ba ragi ba ƙari. Gefe ga ashana da batir, su ma haka. Ina cikin salati sai na ga wata 'yar kwalba ta maganin ƙarfin maza, da hoton wata mata da ba zan iya kwatanta shigarta a rubuce ba, sawun babana yana daidai gefen cinyarta. Na ce wa mai teburin, "Kai, wanga kaya na wane ne?" Ya ce daga Malambil suke zuwa, na wani Alhaji Idrisu ne, ɗan Jibo Maƙeri.

Jibo! A gidanmu ya girma. Badandi ne, mutumin tsallaken iyaka, ubansa ya kawo shi wurin babana koyon ƙira tun ban iya tafiya ba. A nan kuma babana ya yi abin da a lokacin kowa ya yaba. Al'adarsa ce in ya yaye almajirin ƙira, ban da masaba da awartaki da kowane maigida ke bayarwa, sai ya ƙera masa hatimi irin nasa sak, ya danƙa masa a gaban maƙera duka, ya ce, "Ka zama ɗana. Kada ka buga shi sai kan jan ƙarfe daga wuta, ƙarfen da kaka iya rantsuwa a kai." Mutum biyar ya yi wa haka. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, hatimansu sun dawo gida. Na Jibo ne kawai ya ƙetare iyaka, shekara fiye da talatin kuma ba mu haɗu ba.

Na dawo gida na rantse sai na je na karɓo hatimin nan da hannuna. Ɗiyar yayana, Hadiza, lauya ce a Birnin Kebbi. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Da ta ji a waya ta ce, "Baffa, in ka tafi kai kaɗai da wannan zuciya taka, a kurkukun Benin za mu same ka. Jira ni." Na ce to, a zo a nuna mana boko.

Muka shiga mota a Bagudo da sassafe, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan gero a but har motar tana kallon sama. Na ɗauko lauje uku na naɗe a buhu, don in nuna wa Jibo aikin da ya ci amanarsa. Mun ƙetare gada, mun kama hanyar Illo, sai taya ta yi bindiga. Direba ya ciro safeya, ita ma ba iska. Ya hau babur ɗin wani ya tafi neman mai faci, ya bar mu gindin tsamiya. Wata Bafulatana mai fura ta iso, Uwata ta saya mana, a nan kuma aka buɗe mini makaranta.

Na ce, "To Barista, jabu dai jabu ne. A kama shi."

Ta ce, "Baffa, ba jabu ba ne. Jabu shi ne ya ƙera ruɓaɓɓen lauje ya buga alamar Kaka, manomi ya saya yana zaton naka ne. Akwai wanda zai sayi maganin sauro ya zaci kai ka ƙera shi a maƙera?"

"Sai dai mahaukaci."

"To ka gani. Ba a ruɗi kowa ba, amma an cuce ka."

Ta jawo ƙwaryar nonon, ta ɗauki gorar ruwanta ta ɗan tsiyaya a ciki, ta ce in kurɓa. Nono ne. Ta ƙara, har yanzu nono ne. Ta yi ta ƙarawa har Bafulatanar ta riƙe baki ta ce, "Kayya, yarinya, mi nono ya yi miki?" Uwata ta ce haka ake yi wa suna. Yau ashana, gobe batir, kowanne ba ya kashe shi, amma ranar tana zuwa da za a ce ƙafar zabo, mutum ya tsaya yana tambaya wacce daga ciki. Ta ce a dokar alamar kasuwanci ta wasu ƙasashe wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma kashi biyu ne: akwai surka suna har ya salamce, akwai kuma shafa masa ƙazanta, kamar kwalbar nan da na gani. Sai dai sukan kare sunan da ya shahara ƙwarai ne, kuma wanda mai shi ya tsare shi bai sake shi ga kowa ba.

Na ce, "To zanen fa? Ba na ji kuna cewa haƙƙin mallaka ba? Babana ya zana shi da hannunsa."

Ta ce wannan wata ƙofa ce daban. Haƙƙin mallaka yana hana a kwafi littafinka ko waƙarka ko hotonka ba da izini ba, ba ruwansa da ko sunanka ya tsinke a kasuwa. Zane uku da guntu kuma ya yi ƙanƙanta a ce aikin zane ne. Ta ƙara da cewa hoton zabon da ke jikin kwalin, wanda Idrisu ya sa aka zana masa, shi doka za ta iya karewa, in na kwafa ni ne mai laifi. Na ce lallai, an yi wa ɓarawo katanga an bar mai gida a fili. Na shanye nonon nan duk da ya zama ruwa, don ban iya almubazzaranci ba.

Sai bayan azahar muka isa Lolo, bakin iyaka. Ɓangarenmu aka duba katin shaida, aka yi mana tambayoyin da aka saba, muka wuce. A ɓangaren Benin wani jandarma siriri ya ce in kwance buhu. Da ya ga lauje uku suna walƙiya sai ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa, suka hau Faransanci. Uwata da Turancinta ta zama kurma, ni ne na ceci tafiyar da guntun Dandancin da na tsinta wurin masu sayen kalme. Na ce fofo, wato sannu, ya ce fofo, na ce ni maƙeri ne, kayan gona ne. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa, sai ya ga alamar. Fuskarsa ta washe. Ya ce da Hausarsa mai karkata, "Ah, Baba, ku ne masu maganin sauro? Yanzu har lauje kuna yi? Madam ɗina ba ta sayen wani sai naku!" Ya naɗe mini buhun da kansa, har da sara mini. Uwata ta danne dariya ta ce, "Ka ga amfanin surki, Baffa." Ni kuwa da ya ƙwace lauzunan ya fi mini sauƙi.

Daga Madekali, can ɓangarensu, babura muka hau zuwa Malambil. Abin da na fara lura da shi, mata ne ke tuƙa babur abinsu, da goyo, da kwandon kasuwa, ba mai ko waiwayarsu. A Kende da yara sun bi su da gudu. Ofisoshinsu kuma da rana ta take sai a rufe, kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe, wai haka suka gada. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Amma cukun Fulaninsu, wagashi, mai jan baya, wanda suke soyawa su jefa a miya, wannan kam na sara masa. Kasuwar kuwa rabinta albasa ce, rabin masu albasar kuma mutanenmu ne, sai ka rufe ido ka rantse kana Bagudo.

Wurin ɗaya daga cikinsu muka sauka, Alhaji Garba, mutumin Sharabi, wanda ubansa ya yi noma da kalmen babana. Ya ba ni shagon ƙofar gida, Uwata ta shiga wurin iyalinsa. Aka kawo tuwon masara da miyar kifi, da kwaɗon zogale da suke kira kopto. Ana idar da sallar isha ya aiko mini da maganin sauro in kunna. Na duba kwalin, na mayar masa da abinsa, na ce ni da wannan har abada. Malambil kuwa a bakin kogi take. Da safe Alhaji Garba ya dubi fuskata ta kumbura kamar an yi dambe da ni, ya ce, "Malam Ummaru, kai kaka fushi, sauro shina biki."

Shi ya raka mu gidan Jibo, can bayan gari. Gida ne na siminti mai kyau, ɗansa ya gina masa, amma a ƙofar gida ga tsohuwar rumfar maƙera. Uwar maƙera ta yi tsatsa, zuga-zugi ya bushe ya tsattsage, kaji sun yi wurin kwana a murhun. Wani tsoho yana zaune kan buzu yana jan carbi, idanunsa sun yi fari fat. Duk maganganun da na tsara tun daga Kende na riƙe su a baki, na yi sallama da ƙarfi.

Carbin ya tsaya. Ya ɗago kai ya ce, "Wane ne wanga mai muryar Baba?"

Na ce, "Ummaru ne, Yaya Jibo."

"Sanda? Sandan da ya ƙone gindi kan gawayi?"

Ya miƙo hannu biyu yana lalube. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ya shafa fuskata, ya shafa gemuna, ya kama tafin hannuna yana murza kantar, ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ka bar wuta ba." Muka zauna muka yi ta tuna da. Yadda babana ke ɗaga lauje ya ƙyasta shi da farce ya saurari ƙararsa kafin ya yarda ya sha ruwa daidai. Yadda Inna ke aiko mana da ɗumamen tuwo maƙera, Jibo ya cinye ya ce kare ne. Ranar da jirgin ruwa ya kife da buhun gawayinmu. Na yi dariya har hawaye, kuma wallahi na ji kewar mutanen nan kamar jiya aka binne su.

Muna haka Alhaji Idrisu ya iso, an gaya masa baƙi sun zo daga Kende. Mutum ne mai fara'a, ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ni, yana Baffa, Baffa. Wannan ladabi ya ƙara hasala ni. Na zaro kwalin maganin sauro da kwalbar nan daga aljihu na dire a gabansa, na ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Baffa, albarka na nema. Tun ina yaro Baba ke cewa duk abin da muka samu daga wannan alama ne. Da na fara sayar da kaya sai na ce ba ni da tambarin da ya fi ta. Ban taɓa sa ta a lauje ba, ban shiga gonarku ba." Ya ce ya ma yi mata rajista a can, a kan ashana da batir da maganin sauro. Ya aika aka ɗauko takardun, Uwata ta karɓa ta sa ya fassara mata, ta dube ni ta girgiza kai. Mu ba mu da ko tsinken takarda, kuma babana da hannunsa ya ba da hatimin.

Jibo ya ce, "Wane kaya kuka magana? Idrisu, ba ka ce mini kalme kaka sarowa ba?"

Ashe tun da idonsa ya tafi ba wanda ya gaya masa. Ya ce a ba shi kwalin. Ya bi shi da babban yatsa, gaba da baya, yana neman inda alamar ta nutse, bai samu ba, takarda ce sumul. Na miƙa masa lauje ɗaya daga cikin nawa, nan take yatsansa ya faɗa cikin sawun. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, "Kwalbar hwa? Ta mi ce?" Ni da na zo da bakina cike, na kasa faɗa masa. Alhaji Garba ne ya sunkuya ya raɗa masa a kunne.

Tsohon nan bai yi faɗa ba. Ya sa hannu cikin aljihun 'yar shararsa ya ciro wani ƙullin tsumma, ya kwance. Hatimin ne, ya yi baƙi, yana sheƙin man da ake shafa masa. Ya lalubo hannuna ya sa mini, ya ce, "Baba ya ce jan ƙarfe kaɗai. Ban tsare ba. Kai mai da shi gida, Sanda. Ka ce wa kabarinsa Jibo ya kasa."

Abin da na ƙetare gada da iyaka don shi ke nan, ga shi a tafina. Sai na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Wannan ƙarfe bai taɓa taɓa kwali ba, bai taɓa taɓa kwalba ba. In na tafi da shi ashana ba za ta fasa fitowa ba, abin da kawai zan yi shi ne in tsige tsoho makaho daga cikin 'ya'yan babana. Na mayar masa a hannu na dunƙule yatsunsa a kai, na ce, "Yaya, ba ni na ba ka ba, ba ni zan karɓa ba." Ya kifa kai a kan hannayenmu, yana kuka.

Idrisu ma kuka yake. Ya rantse a gaban ubansa zai cire alamar daga kwalbar, ya janye waɗanda ke kasuwa, kuma na shaida ya cika, ban ƙara ganinta ba. Na sauro da ashana kuwa ya ce in yi masa rai, mutane da yawa ke ci a ƙarƙashinsu. Na dubi Uwata, ta ce, "Baffa, ko kotu muka je ba lallai mu samu fiye da haka ba." Na bar wa Jibo laujen nan, muka kwana biyu, matarsa ta cika mu da wagashi da busasshen kifi. Dawowa ta ruwa muka yi, jirgi mai inji ya sauke mu Dole Kaina, ruwa ya jiƙa mini babbar riga, Uwata ta yi ta amai tana cewa ba ta ƙara bin Baffa ko'ina.

Ta dai cika aikinta. Ta shigar mana da takardun rajista a kan kayan noma, ta ce ko ihu bayan hari ne a yi shi, don kada wata rana a hana ni buga abin babana. Na sa hannu inda ta nuna.

Bana da kaka na sake kai lauzuna kasuwar Bagudo. Wani matashin manomi, magidanci, mai hankali da gani, ya tsuguna ya zaɓi ɗaya. Ya gwada kaifin a farce, ya jinjina nauyinsa, ya ce bai taɓa riƙe lauje irinsa ba. Sai ya ga alamar. Ya matso kusa don kada maƙwabta su ji, ya ce, "Baba, don Allah kada ka ji haushi. Aikinka ya fi ƙarfin ka kwaikwayi tambarin masu maganin sauro. Ka nemi naka mana."

Duk Kende an san ba a kayar da ni a magana. Na buɗe baki, na duba fuskarsa, na ga da zuciya ɗaya ya faɗa, taimakona yake son yi. Shekarunsa ba su kai a ce ya taɓa jin sunan Mamman Maƙeri ba. Na naɗe masa laujen a takarda na miƙa masa, na ce, "To, ɗana. Na ji."